Giɓi, Ƙuraje da Saƙar Gizo: Yadda Ake Gane Ciwon Aikin Firintar 3D

Daga shirinmu na kimiyya da sana'a, wanda aka gabatar daga Godome, Kwatano



Shirin yau na matasan nan ne da suka sayi firintar 3D suka ajiye a ɗaki ko a shago. Amma iyayenmu da yayyenmu kada ku murɗa akwatinku, domin da yawa daga cikinku ku ne kuka ba da jarin. Saƙonnin da ke zuwar mana ta WhatsApp kusan kukansu ɗaya ne: na'ura ta kwana tana aiki, gari ya waye an ciro abu duk ramuka, ko jikinsa ya yi ƙuraje, ko kuma da an matsa shi ya dare gida biyu. Ga zaren roba ya tafi, ga kuɗin wuta, ga mai kaya yana jira. Zaren nan kuwa daga waje ake shigo da shi, ba a kowane lungu na kasuwar Dantokpa za ka same shi ba, don haka duk aikin da ya lalace asara ce daga aljihu.

To abin da muke so ku riƙe daga shirin yau shi ne, kowane aibi da ya fito a jikin aiki yana da abin da yake nunawa. Wanda ya iya karanta shi zai gyara da abin da ke hannunsa. Wanda bai iya ba, sai ya yi ta canza kayan na'ura yana kashe kuɗi a banza.

Yadda na'urar ke aiki

Ga wanda bai taɓa gani ba, ku tuna mai zanen lalle. Tana zuba lalle a leda, ta huda ɗan ƙaramin baki, tana matsawa tana zane. Haka na'urar nan take, sai dai ita roba take narkarwa. Akwai zaren roba a naɗe a kan ƙwarƙwaro, kaurinsa milimita 1.75, yawanci kilo ɗaya. Wata 'yar giya tana tura zaren zuwa wuri mai zafi, ya narke, ya fito ta wani ɗan baki da ake kira nozul, mai faɗin milimita 0.4 a yawancin na'urori. Nozul ɗin yana yawo a kan faranti yana shimfiɗa layi, in ya gama hawa ɗaya ya ɗaga kaɗan ya ɗora wani, kamar yadda mai ginin tukunya ke ɗora yumɓu zagaye bisa zagaye. Kaurin kowane hawa bai cika wuce milimita 0.2 ba. Kun ga ke nan abu mai tsawon santimita 10 hawa 500 ne. In hawa ɗaya ya samu matsala, za a gani.

Wannan dabara wani Ba'amurke ne, Scott Crump, ya nemi rajistar mallakarta a 1989, kuma ita ce tushen kamfanin Stratasys. A 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin RepRap, wato na'urar da kowa ke da izinin kwaikwayo. Da wa'adin rajistar Crump ya ƙare a 2009, sai farashi ya faɗi, har aka kai ga na'urori masu sauƙin kuɗi irin su Ender 3 ta kamfanin Creality na Sin, wadda ta fito a 2018.

Mu ma yankinmu ba a bar mu a baya ba. A Lome, nan maƙwabta, masanin gine-gine Sénamé Koffi Agbodjinou ya kafa WoeLab a 2012. A can ne a 2013 Afate Gnikou ya harhaɗa firintar 3D da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintocin takarda da aka zubar, aka sa mata suna W.Afate, labarinta ya zagaya duniya. A nan Kwatano akwai BloLab na Médard Agbayazon, inda aka san su da koya wa yara haɗa kwamfuta a cikin jarka, ga kuma Sèmè City. Darasin Lome shi ne, mutumin da ya haɗa na'ura da hannunsa ya san kowane noti da ke jikinta. Mu da muka saya a kwali, sai mun zauna mun koyi wannan sanin.

Laima, babbar abokiyar gabarmu

Bari mu fara da abin da ya fi damunmu a nan, wanda kuma bidiyoyin da kuke kallo daga Turai ba su cika farawa da shi ba. Kwatano tana tsakanin teku da tafkin Nokuwe. Laimar iska a nan takan kai kashi 80 cikin 100 ko fiye a yawancin shekara. Damina biyu gare mu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga wajen Satumba zuwa Nuwamba. Duk wanda ya taɓa barin gishiri ko sukari a buɗe a Godome ya san abin da nake nufi.

To zaren roba ma yana shan ruwa daga iska. Ido ba ya gani, hannu ba ya ji, amma ruwan yana ciki. Da zaren ya shiga zafin digiri 200, ruwan nan sai ya zama tururi, ya fashe a bakin nozul. Nan ne ake samun ƙananan ramuka a bangon aiki, jiki ya yi kaushi kamar takardar goge katako, ga siraran zare tsakanin sassa kamar saƙar gizo-gizo, hawa kuma ba ya kama ɗan uwansa da kyau.

Yaya za ka gane? Malam, kasa kunne. Ka sa na'ura ta turo roba a iska, ka matso kusa. In ka ji tas-tas, tas-tas, kamar an ɗiga ruwa a mai mai zafi, to zarenka ya jiƙe. Wani lokaci har ɗan tururi za ka gani. Robar da ta fito za ta kasance da kumfa, maimakon ta fito sumul. Alama ta biyu, zaren PLA da ya daɗe a buɗe yakan yi gautsi, kana lanƙwasa shi ya karye ƙaras.

Robobin sun bambanta wajen shan ruwa. PLA, wanda yawancin masu farawa ke amfani da shi, yana da ɗan haƙuri. PETG ya fi shi saurin jiƙewa. TPU mai laushi da nailan kuwa, su ba sa jimawa ko kaɗan.

Maganin kashi biyu ne, busarwa da adanawa. PLA ana busar da shi a zafin digiri 45 zuwa 50 na awa 4 zuwa 6. PETG yana son wajen digiri 65. Akwai na'urar busar da zare ta musamman, amma wanda ba shi da ita zai iya kwantar da ƙwarƙwaron a kan farantin firintarsa, ya kunna zafin faranti, ya kifa kwali a kai, ya huda 'yan ƙofofi a saman kwalin don tururi ya fita, yana juya shi lokaci-lokaci. A kula fa, PLA yana fara laushi a wajen digiri 60. In ka jefa shi a tandar gas ta gida wadda ba ka iya daidaita zafinta, sai ka ciro dunƙulen roba. Kuma kada a tafi a bar abu mai zafi da kwali a kai ba kowa a ɗaki.

Adanawa kuma, ka samu roba mai murfi da ke rufuwa ruf, irin bokitin fenti da aka wanke ko robar ajiye abinci. Ka zuba 'yan ƙunshin tsakuwar nan masu shan laima, waɗanda ake samu a kwalin takalmi da na magani. Ka san cewa su ma suna ƙoshi, in sun ƙoshi sai an gasa su kafin su sake aiki. Da ka gama aikin ranar, cire zare ka mayar da shi bokiti. Kada ka bar shi rataye a na'ura mako guda a cikin watan Yuni, sannan ka zo kana zagin kamfani.

Hawan farko

Hausawa na cewa tun ran gini, ran zane. Hawan farko shi ne harsashi. In nozul ya yi nisa da faranti, layukan za su fito a zagaye kamar taliya, da giɓi a tsakaninsu, aikin kuma ya kwance a tsakiyar tafiya. In ya matse da yawa, robar za ta yi ta tudu-tudu, ƙasan aikin ya baje, abin da masu sana'ar ke kira ƙafar giwa.

Gwajin ba ya cin ko dala. Ka ɗumama faranti da nozul, ka ɗauki farar takarda ta rubutu, ka zura tsakanin nozul da faranti a kusurwa huɗu da tsakiya. Takardar ta riƙa motsi da ɗan ja kaɗan. Ka zagaya sau biyu, domin in ka murɗa kusurwa ɗaya, sauran suna motsawa.

Sai tsabta. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana roba kamawa. A wanke faranti da ruwa da sabulun wanke-wanke, ko a goge da alkol na kemis. Zafin faranti ga PLA digiri 50 zuwa 60, ga PETG 70 zuwa 85. In kusurwoyi suna ɗagawa, duba ko fankar sama ko iskar taga tana bugun aikin. Mun san zafin Kwatano ba ya barin mutum ya kashe fanka, to sai a kare na'urar daga iskar.

Idan roba ba ta fitowa isasshiya

Wannan shi ne tushen mafi yawan giɓin da ake gani a bango: layi ya zo ya yanke, ko aikin ya fito kamar soso. Ma'anarsa robar da ke fita ba ta kai wadda kwamfuta ta lissafa ba. Sau da yawa za ka ji giyar turi tana ƙas-ƙas, tana zamewa. Ga jerin da za ka bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Na farko, duba ƙwarƙwaro. Zare yakan sarƙe, giya tana ja ya ƙi zuwa. Shi ya sa in za ka cire zare, kada ka saki bakinsa, ka soke shi a hujin gefen ƙwarƙwaro.

Na biyu, zafi da gudu. PLA yana aiki tsakanin digiri 190 da 220, PETG tsakanin 230 da 250. In zafi ya yi kaɗan, ko kana gudu fiye da yadda nozul ke iya narkarwa, dole a samu giɓi. Ƙara digiri 5, ko rage gudu, ka gani.

Na uku, giyar turi. Haƙoranta sukan cika da garin roba, sai a goge da tsohon buroshin haƙori. A na'urori masu araha, hannun da ke danne zaren na roba ne, yakan tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Kwance shi ka duba.

Na huɗu, toshewar nozul. A nan 'yan uwanmu na arewa, Paraku da Malanbil da Gaya, ku ne kuka fi mu shan wahala, domin ku ƙurar hunturu ce matsalarku. Ƙura tana kwanciya a kan zare, ta bi shi ta shiga nozul ta ƙone. Ka yanki ɗan soso ka ratsa zaren ta cikinsa kafin ya shiga giya, zai share ƙurar. In ya riga ya toshe, a ɗumama a zura siririyar allurar da ke zuwa da na'ura. In bai yi ba, ka tura zare da hannu yana da zafi, ka bari ya huce zuwa wajen digiri 90, sannan ka fizgo shi. Dattin zai biyo bakin zaren. Nozul na tagulla ma yana cinyewa, kuma ba shi da tsada, yana da kyau a ajiye biyu ko uku.

Na biyar, awo. Ka auna milimita 120 daga inda zare ke shiga giya, ka sa alama da biro. Ka umarci na'ura ta tura milimita 100. In komai daidai ne, milimita 20 za su rage. In saura 28 ne, to na'urarka tana tauye mudu, sai a gyara lissafinta.

Ramuka a saman aiki

Wani aikin bangonsa lafiya lau, amma samansa ya fito da ramuka ko kumburi. Dalili shi ne, cikin aikin ba cike yake ba, raga ce ake saƙawa don a rage cin roba. Rufin yana kwanciya ne a kan ragar nan, kamar azara a kan bango. In ragar ta yi faɗi ko rufin ya yi siriri, sai ya rufta. A manhajar da ke yayyanka zane, Cura ko PrusaSlicer, ka sa rufin sama ya kai hawa 5 ko 6, wato wajen milimita 1. Cikon ciki ya kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Ka kuma tabbata 'yar fankar da ke hura aikin tana juyawa. Mutane da yawa suna rage ciko don tsimin roba, a ƙarshe su buga abu sau biyu.

Ƙuraje, ɗinki da ɗaukewar wuta

Akwai wani layi da ke saukowa daga sama zuwa ƙasa a jikin aiki, kamar ɗinkin riga. Wannan wurin da kowane hawa ke farawa ne ya ƙare. Ba a raba aiki da shi, sai dai a ɓoye shi a kusurwa ko a baya, kuma manhaja tana ba da zaɓin haka.

Amma akwai ƙuraje da ke fitowa barkatai, musamman a jikin abu mai zagaye, kuma wani lokaci suna da alaƙa da wutar lantarki. Na'urori da yawa suna da tsarin ci gaba da aiki bayan an ɗauke wuta. Don ta tuna inda ta tsaya, na'urar tana yawan rubutu a katin ajiya. A wasu na'urorin, duk sanda take rubutun takan ɗan dakata, nozul kuma yana tsaye yana ɗigar da roba, sai ƙurji ya fito. In ka kashe tsarin, ƙurajen su tafi, amma ranar da wuta ta ɗauke ana awa na tara a aikin awa goma, ka yi asarar duka. Shawara a nan: a fara gwada kati mai kyau mai sauri. Ƙananan ayyuka na awa ɗaya ko biyu a iya kashe tsarin. Dogon aiki kuwa a bar shi a kunne, ƙurji ana goge shi da takardar goge katako. Wanda ke da hali ya sa batirin riƙe wuta irin na kwamfuta, ya dai tabbata ƙarfinsa ya ɗauki faranti mai zafi.

Saƙar gizo kuma, in ka tabbata zare a bushe yake, sai ka duba ja da baya, wato yadda na'ura ke ɗan janye zare kafin ta tsallaka fili. Na'urar da ke tura zare ta dogon tiyo tana son milimita 4 zuwa 6. Wadda giyarta ke zaune a kan nozul, milimita 1 zuwa 2 ma ya isa. Rage zafi da digiri 5 shi ma yana taimakawa.

In ka ga aiki ya goce gefe guda daga wani hawa, kamar an ture bene, wannan aikin makanikai ne: bel ya saki, ko ƙaramin notin da ke riƙe da fulin mota ya kwance. In kuma kana ganin inuwar rubutu tana maimaituwa a bango, teburinka ne ke rawa ko gudu ya yi yawa. Ɗora na'urar a kan abu mai nauyi da ba ya motsi.

Amana tsakaninka da mai kaya

Jama'a, a nan ne maganar ta wuce kyan gani. Giɓi a bango rauni ne. Abin da aka buga yana da ƙarfi ta tsawon layi, yana da rauni tsakanin hawa da hawa, kamar itace da ke tsagewa ta bin jijiyarsa. Saboda haka yadda ka kwantar da aiki a faranti shi ke nuna inda zai karye. Maƙalin da zai ɗauki nauyi, a kwance ake buga shi.

Sannan a zaɓi robar da ta dace. In ɗan zamijan ya kawo maka aikin mariƙin waya na babur, ka yi masa da PLA, rana ɗaya a kan gadar Godome ko a cikin mota a rufe tana iya lanƙwasa shi. PETG ya fi jure zafi. ABS ya fi su duka jurewa, amma yana son akwati rufaffe, kuma warinsa yana buƙatar ɗaki mai shan iska. Abin da ya shafi birki, ko tukunyar gas, ko abin da rai ya rataya a kansa, don Allah a ce wa mai kaya a'a. Haka cokali ko kofin jariri, domin datti yana maƙalewa a tsakanin layukan. Faɗin gaskiya ga mai kaya ya fi ribar rana ɗaya, musamman a Zongo inda kowa ya san kowa.

Abu ɗaya a lokaci ɗaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya canza zafi, ya canza gudu, ya canza nozul, duk a zama ɗaya. In ya gyaru bai san me ya gyara ba, in ya ƙara lalacewa bai san me ya ɓata ba. Canza abu ɗaya, ka buga ɗan ƙaramin gwaji, ka duba. Ɗan akwati mai milimita 20 kowane gefe ya isa. Akwai kuma ɗan jirgin ruwan nan da ake kira 3DBenchy, wanda kamfanin Creative Tools na Suwidin ya fitar kyauta a 2015, tsawonsa milimita 60, an tsara shi ne musamman don ya tona aibin na'ura.

Ka sayi littafi na ɗari biyu ka riƙa rubutawa: ranar kaza, roba iri kaza, zafi kaza, ga abin da ya fito. Ka rubuta har da yanayin gari, damina ce ko hunturu. Bayan wata shida littafin nan zai fi maka duk wani bidiyo amfani, domin labarin na'urarka ne a ɗakinka.

In za mu jera muku a taƙaice: a fara da kunne, a ji ko zare ya jiƙe. A duba hawan farko. A bi hanyar zare daga ƙwarƙwaro zuwa nozul. Sai a taɓa manhaja. Sayen sabon kaya shi ne na ƙarshe.

Masu sauraro, lokaci ya yi mana halinsa. Wanda ke da aikin da ya ba shi wahala, ya ɗauki hotonsa a wuri mai haske, ya rubuto irin robar da zafin da ya sa, za mu duba tare a shiri na gaba idan Allah ya kai mu. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu da asara.